Hattara da masu tara kuɗi da sunan giwayen Yankari

Jama'a, akwai wani saƙo da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook ana neman taimako wai domin a ceto giwayen gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi. Don Allah kada kowa ya tura ko sisi. Saƙon yana zuwa da hoton ɗan giwa an lulluɓe shi da bargo, wani mutum sanye da koriyar riga yana ba shi madara a gora. A ƙasa an rubuta cewa mafarauta sun kashe uwarsa, kuɗin madara da magani sun ƙare, in ba a kawo ɗauki cikin kwana biyu ba zai mutu. Sai lambar asusu, da hadisin mutumin nan da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Hadisi dai ingantacce ne, amma wanda ya liƙa shi a nan ya san da shi zai karya zuciyar mutanen kirki.

Hoton nan ba a Bauchi aka ɗauke shi ba. Bargo da gorar madara da koriyar riga, duk siffar gidan rainon marayun giwaye ce da ke Nairobi a ƙasar Kenya, kuma hotunansu sun cika intanet, kowa na iya kwafa. Wanda yake shakka ya saka hoton a manhajar binciken hoto ta Google Lens ya ga inda ya fito. Giwayen Yankari na daji ne, garke-garke suke yawo, wani lokaci har su tsallaka su faɗa gonakin ƙauyukan da ke kewaye su yi ɓarna. Tambayi manomin ƙasar Alkaleri ka ji labarin giwa, ba zai ce maka ana ba ta madara a gora ba.

Abin da ya sa damfarar take shiga shi ne an gina ta a kan gaskiya. Giwa ta yi ƙaranci sosai a Najeriya, kuma garken Yankari na cikin manyan da suka rage. Farautar haure ta cinye da yawa, duk da an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Masu gadin dajin kuma aikin sayar da rai suke yi, suna kwana a daji suna arangama da masu bindiga. Amma dajin nan yana da masu shi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ƙungiyar Wildlife Conservation Society ta daɗe tana aiki tare da jihar wajen sintiri da kare dabbobin. To ta ina wuri irin wannan zai koma karɓar taimako ta asusun wani mutum guda, mai sunansa da na mahaifinsa, a manhajar kuɗi ta waya?

Nan ne ma ya kamata kowa ya tsaya. Kafin ka danna tura kuɗi, sunan mai asusu yana fitowa a fuskar waya, ka karanta shi. Ƙungiyar agaji ta gaske tana yin rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a matsayin amintattu, kuma banki yana neman takardar SCUML, wato sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin ya buɗe mata asusu da sunanta. Ana iya duba sunan ƙungiya a shafin CAC kyauta. Ko an same ta a can ma kada a saki jiki, rajista ba shaidar amana ba ce, akwai masu takarda a hannu suna cuta. Rashin ta dai ya isa hujja.

Suna da wata dabara ta biyu, ita ta fi kama iyaye da malaman makaranta. Za a ce ana sayar da kati, kuɗin na kare namun daji ne, wanda ya ci kuma za a kai yaransa yawon buɗe ido su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, su ga gwanki da ɓauna. Ba ranar fitar da sakamako, ba ofis, ba wanda ya taɓa ganin wanda ya ci. Daga baya sai a kira ka a ce barka, kai ne ka yi nasara, ka turo kuɗin mota da na rajista, ka kuma karanto lambar da banki ya aiko maka. Ka karanta, an kwashe asusunka. Ni a ganina ko da gaskiya ce ma, sayen kati da fatan cin kyauta caca ce aka shafa mata man sadaka. Mai son kai ɗalibai Yankari ya tuntuɓi hukumar gandun kai tsaye, ya biya kuɗin shiga a ƙofa ya karɓi rasit.

Masu kula da zauruka, laifinku a nan ba kaɗan ba ne. Yawancin masu tura saƙon ba ɓarayi ba ne, baba ne ko gwaggo da suka ji tausayi, amma sunansu ne ke sa a yarda. A goge saƙon, a kuma faɗa wa wanda ya turo dalili cikin ladabi.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa a ranar, da rasit da lambar cinikin, ya nemi a toshe asusun da kuɗin suka shiga. Ya ɗauki hoton saƙon da lambar wayar kafin su goge, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 a kan irin wannan laifi.