Tantin "mutum shida" na kasuwa a sansanin 'yan mata lokacin damina

Dogon hutun makarantu a arewacin Najeriya yana kamawa ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma a nan ne ƙungiyoyin 'yan mata irin su Girl Guides suka fi samun sararin fita sansanin kwana. A nan ɗin ne kuma ruwa ya fi zuba, domin Agusta shi ne tsakiyar damina a Kano da Zariya da Katsina. Duk tantin da za a kwantar da 'ya'yan mutane a cikinsa a wannan lokaci, ruwa da iska da sauro ne za su faɗi darajarsa.

Tantin da nake magana a kai shi ne mai siffar kifaffiyar ƙwarya, wanda ya cika kasuwa da shagunan intanet, ana rubuta "na mutum shida" a jikin jakarsa. Wanda muka yi aiki da shi faɗinsa mita 3 ne, tsawonsa mita 3, tsayinsa a tsakiya kusan mita 1.8. Yana da sandunan faiba biyu masu kaurin milimita 9.5 da suke gittawa a sama, jikin ciki rabi yadi rabi raga, rufin waje na foliyesta da aka rubuta wa 1500mm (ma'aunin jure ruwa), da shimfiɗar ƙasa ta leda mai kauri wadda aka ɗinke da jikin tantin. Ƙofa ɗaya gare shi mai zif. Ra'ayina a kansa shi ne a saya, amma a lissafa shi na mutum huɗu, kuma kada a fita da shi fili da abin da ya zo cikin jakarsa kaɗai.

Lissafin mutum shidan nan, in aka raba mita 3 gida shida, kowace yarinya santimita 50 ta samu, babu wurin jaka, babu wurin juyi. Katifar ɗalibai da yawancin yara suke zuwa da ita faɗinta kusan santimita 76 ne. Uku za su jeru, ta huɗu sai an gicciye ta a wajen ƙafafu, daga nan kuma wuri ya ƙare. Da siririn soso mai faɗin santimita 60, huɗu suna kwanciya a jere a bar gefe ɗaya na jakunkuna. Wannan ya shafi tsarin ƙungiyar kanta. Tun da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, da ƙanwarsa Agnes suka kafa Girl Guides a Ingila a 1910, kafin ta iso Najeriya a 1919, aikinta a kan ƙananan rukunai yake tafiya, yara shida zuwa takwas da shugabarsu daga cikinsu. Rukuni ɗaya ke nan yana cin tanti biyu, sai a sa shugabar a ɗaya, mataimakiyarta a ɗayan. Wanda ya yi kasafin kuɗi da abin da aka rubuta a jaka, ranar tafiya zai ga yara sun fi wurin kwana yawa.

Kafa shi ba wuya, kuma wannan yana cikin abin da na fi yaba masa. Yara huɗu 'yan shekara goma sha biyu da aka nuna wa sau ɗaya suna tayar da shi cikin kusan kwata na awa. Inda ake yin ɓarna shi ne wajen zura sanda cikin hannun yadin. Tura ta ake yi, ba a ja. In aka ja, gaɓoɓin suna rabuwa a ciki, sai yarinya ta danna da ƙarfi, bakin ƙarfen ya yaga yadin ko faibar ta tsage a daidai mahaɗa. Faiba in ta tsage tana fitar da siraran tsinke masu shiga fata su yi ta ƙaiƙayi, don haka a naɗe wurin da salatif mai faɗi kafin kowa ya taɓa. Guntun bututun ƙarfe mai tsawon santimita 15 wanda sandar za ta shige cikinsa, in an zura shi a kan tsagewar an naɗe, yana riƙe ta har a tashi.

Turakun da suka zo da shi ba su da amfani a ƙasar damina. Siririyar waya ce mai tsawon ɗani guda, tana lanƙwashewa a tsandauri, tana zarewa da kanta in ƙasa ta jiƙe. A je wurin mai walda a yanko roɗi mai milimita 8, tsawon santimita 30, a lanƙwasa kansa, goma sha biyu ga kowane tanti. Ana buga turke a karkace, kansa yana kallon nesa da tantin, yadda igiya za ta ja shi a gicciye. Igiyoyin da aka haɗo su ma guda huɗu ne sirara. A ƙara igiyar nailan a kowane madauki da ke jikin rufin, a ɗaure duka tun da rana ko da sama tas take. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, iska kuma ita take riga ruwan isowa, shi ya sa ba a juya ƙofar tanti gabas. Tantin da aka bar igiyoyinsa a sake, iskar farko tana kwantar da bangonsa a kan fuskar masu barci, sandar kuma a nan take karyewa.

Batun ruwa shi ne inda ya kamata a tsaya sosai. Lambar 1500mm ɗin tana nufin yadin zai jure nauyin ruwa mai tsayin milimita 1500 kafin ya fara tsatsa. Ga yayyafi da ruwa matsakaici ya wadatar, kuma a gaskiya tsakiyar yadin bai ba mu matsala ba. Ta wurin ɗinki ruwan yake shiga. A juya rufin a duba bayansa: ɗinki mai kyau an liƙa masa siririn tef mai sheƙi. A wannan tanti manyan ɗinkuna suna da shi, amma wuraren da aka ɗinka madaukin igiya da kewayen zif babu, kuma daga nan ɗigon yake farawa. Na biyu, rufin bai sauka har ƙasa ba, ya tsaya a rabin bango, saboda haka ruwan da iska ta koro a gicciye yana bugun yadin ciki kai tsaye. Na uku laifin cunkoso ne: duk inda jaka ko ƙafa ta tura bangon ciki ya manne da rufin waje, ruwa zai bi ta nan. Da tsakar dare in aka ji "Malama, katifata ta jiƙe", a haska tocila a bango kusa da ita, galibi jakarta ce jingine a wurin.

Maganin da ya fi aiki shi ne tamfol mai mita 4 da mita 5 a ɗaure shi sama da tantin, a bar tazarar kamar kamu ɗaya tsakaninsu, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsayi don ruwa ya gangare. Yana tare ruwan, yana kuma rage zafin rana, wanda ba ƙaramin abu ba ne, domin da hantsi ya ɗaga cikin tantin foliyesta ba ya zaunuwa. A ƙarƙashi kuma a shimfiɗa leda mai kauri, amma a naɗe bakinta ta shige ciki da kamar santimita 5 ta kowane gefe. In ta leƙo waje, ruwan da ya sauko daga rufi a kanta zai taru ya kwanta a ƙarƙashin masu barci. Wuri a zaɓi mai ɗan tudu, a duba inda ruwan jiya ya bar shara da yashi a guje shi. In masu filin sun yarda, a ja 'yar hanyar ruwa da fartanya a gefen da ya fi tudu, a cike ta ranar tashi.

Akwai jiƙewar da ba ruwan sama ba ce. In aka rufe kowace taga saboda tsoron ruwa, numfashin mutum huɗu yana taruwa a cikin rufin ya riƙa ɗigowa da asuba. Tagogin sama a bar su buɗe kullum.

Wajen sauro kuwa ya burge ni. Ragarsa mai ƙananan ramuka ce, ƙasansa a ɗinke yake, saboda haka in zif yana rufe, sauro da kunama da cinnaku ba su da hanya. A watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara, wannan kaɗai ya sa na fifita shi a kan tsohon tantin tamfol mai kauri irin na sikawut, wanda ba shi da ƙasa, sai kowace yarinya ta ɗaura gidan sauronta. Sai dai duk wannan kariya a kan zif ɗaya ta rataya, kuma zif ɗin ba mai ƙarfi ba ne. Yashi yana shiga haƙoransa, yara suna fizgarsa da hannu ɗaya, sai ka ga an ja shi amma bayansa a buɗe. A goge haƙoran da tsohon buroshin haƙori, a goga musu kyandir, a ɗan matse kan zif ɗin da filaya a hankali, yana dawowa. A sa doka a rufe ƙofa tun kafin magariba. Takalma a shigar da su cikin leda, in kuma a waje suka kwana a kakkaɓe su kafin a sa ƙafa. Maganin sauro na kunnawa, kyandir, da kurfoti ba sa shiga tanti ko kusa da shi: yadin yana narkewa ya ɗiga a jiki, hayaƙin gawayi a rufaffen wuri kuma yana kisa ba tare da an farka ba. Murhu ya yi nesa da tantunan kwana da aƙalla mita 6.

Wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa, ga 'yan mata kuwa yana da girma, shi ne sutura. Yadin siriri ne mai haske. Da dare in aka kunna fitila a ciki, inuwar duk wadda take canza kaya tana fitowa a bango sarai ga na waje. Dole a gaya wa yara wannan tun ranar farko: a kashe fitila kafin a cire kaya, ko a rataya zani a igiya ta ciki a gefen da fitilar take. In akwai zaɓin launi, shuɗi mai duhu ko kore mai duhu ya fi ruwan ɗorawa da fari nesa ba kusa ba. A nan tantin tamfol ya fi shi. Tsayuwa kuma a tsakiya kaɗai ake iya yinta, mutum ɗaya, don haka ba wurin sallah ba ne. A tanadi rumfa ko aji. Ba shi kuma da baranda, babu inda za a ajiye buta da bokiti da jiƙaƙƙen hijabi sai ƙarƙashin tamfol ɗin da aka ƙara. Ga waɗanda al'adarsu ta zo, a ajiye audugar mata da baƙar leda a aljihun ragar da ke jikin bango, yadda yarinya za ta ɗauka ba sai ta tashi kowa ba, kuma hanyar banɗaki ta kwana da fitila.

Bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, iyaye suna da gaskiya in suka ƙi sansanin daji, kuma ni ma ba na goyon bayansa ga yara mata a halin da ake ciki. Filin makaranta mai katanga da maigadi a cikin gari shi ne wurin wannan tanti. A jera tantunan su yi rabin da'ira, tazarar mita 2 zuwa 3 tsakaninsu don kada a yi tuntuɓe da igiya, na malamai mata a bakin shiga inda suke ganin kowace ƙofa. Zaman a makaranta yana da wata fa'ida: akwai aji a kusa, domin tanti ba ya kare kowa daga tsawa. Da an ji tsawa tana matsowa, a kwashe yara zuwa aji, mabuɗinsa kuma ya kwana a hannun malama, ba a gidan shugaban makaranta ba. Kada a kafa tanti a gindin doguwar bishiya don neman inuwa. Ban da tsawa, reshe yana karyewa a iska.

Tsawon ransa ya dogara da ranar tashi. In aka naɗe shi da danshi, cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna, ya yi wari, shafen da ke hana ruwa shiga ya fara ɓarewa yana manne wa hannu. A shanya shi a inuwa har ɗinkunan su bushe, a share yashin ciki, a goge laka da ruwa zalla, kada a sa garin sabulu domin yana cinye abin da ke korar ruwan. Rana ma tana cin foliyesta, don haka ba tantin da za a bari a kafe makonni ba ne. A rubuta lamba ɗaya a jikin tanti da jakarsa da jakar sandunansa, shugabar rukuni ta ƙirga turaku kafin ta miƙa, a ajiye su a kan kantar ajiya nesa da ƙasa saboda ɓera da gara.