Kafin Ka Sayi Mapul Don Bonsai, Dubi Gindinta

Ganye ne ke sa yawancin mutane fitar da kuɗi su sayi bishiyar mapul don bonsai, wato fasahar rainon bishiya 'yar ƙarama a cikin tukunya. A watan Nuwamba a Japan yakan rikiɗe ya yi ja wur, wani ya yi ruwan goro, kuma hotunansa ne suka cika intanet. Amma kafin wata guda ganyen nan ya zube. Abin da zai zauna da kai shekara 20 ko 30 shi ne gindin bishiyar da saiwoyinta, su ne abin saye.

Kafin ciniki, a fara da yanayi. Mapul bishiyar ƙasashen sanyi ce, sai ta zubar da ganye ta huta na wasu watanni a hunturu sannan ta yi ƙarfi, kuma a waje take rayuwa, ba a falo ba. Wanda ke zaune a Ingila, Jamus ko arewacin Amurka bai da matsala. Amma a Kano ko Damagaram sanyin bai kai ba, zafin Afrilu kuma ƙone ganyen zai yi. Wanda ke can ya nemi cediya, tsamiya ko kuka, duk suna yin bonsai mai kyau.

Iri biyu aka fi yin aiki da su. Na farko shi ne Acer palmatum, wanda Japanawa ke kira momiji, mai ganye kamar tafin hannu da yatsu biyar zuwa bakwai. Rassansa sirara ne masu ban sha'awa, sai dai ɓawonsa ba kauri, babban rauni yakan daɗe bai rufe ba, iska mai zafi kuma tana busar da bakin ganyen. A cikinsa akwai Deshojo mai jan sabon ganye, da Arakawa mai kaushin ɓawo kamar tsohuwar bishiya, da Shishigashira mai murɗaɗɗen ganye da jinkirin girma. Kiyohime kuwa gefe take bazuwa, samanta ba ƙarfi. Wanda ya datse mata kai da yawa zai daɗe yana nadama.

Na biyu shi ne Acer buergerianum, mai ganye yatsu uku, asalinsa daga Sin. Bai kai momiji kyan launi ba a idon mutane da yawa, amma jarumi ne. Yana kauri da wuri, yana jure rana, yana rufe rauni, saiwoyinsa kuma sukan haɗe su shimfiɗu kamar faranti, shi ya sa ake ɗora shi a kan dutse. Inda yake da rauni shi ne saiwa: idan tukunya ta daskare ƙwarai sai ta lalace, don haka yana son mafaka a tsananin sanyi. Duk mai niyyar sara da sassaƙa, ni dai wannan zan nuna masa.

To, a wane mataki za ka saya? Ƙwayar iri ta fi araha, amma sai ta yi kusan wata uku a sanyin firji kafin ta tsiro, sannan ka jira shekaru kafin ka sami gindin kirki. Ƙwayar Deshojo ma ba lallai ta ba ka Deshojo ba. Masu tallar irin mapul mai shuɗin ganye kuwa, hoton kwamfuta suke sayarwa.

Dashen da ake sayarwa don lambu nan ne tarkon yake. Yawancin masu suna a cikinsu, irin su Deshojo, 'yan aure ne, kamar yadda ake yi wa mangwaro, kuma wurin haɗin yakan bar kumburi a gindi. A lambu ba wanda zai kula, a tukunyar bonsai kuwa shi ido zai fara gani, kuma sau da yawa ƙara fitowa yake da shekaru. Ana iya gyarawa: a zagaye ɓawo a saman kumburin, a naɗe da danshi har sabbin saiwoyi su fito, a yanke. Amma aikin shekara guda ne aƙalla.

Kammalalliyar bishiya, irin ta gidajen Omiya, unguwar da masu bonsai na Tokyo suka kafa a 1925 bayan girgizar ƙasar 1923, tsadarta ta shekarun da wani ya kashe ce. Ta dace da gwanin ban ruwa da aski. Amma babu abin sassaƙawa a jikinta, an riga an gama.

Abin da na fi so shi ne na tsakiya: kututturen da aka raina a gona shekaru, aka sare, aka mayar a tukunyar roba. Bai da kyan gani, shi ya sa mutane ke wuce shi. Tona ƙasar gindinsa da yatsa. Kana son saiwoyi sun fita ta ko'ina, ba ƙatuwa ɗaya a gefe ba, gindi kuma ya yi faɗi a ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Idan ya tsuke a ƙasa ya kumbura a tsakiya, ajiye shi. Baƙin tabo a ɓawo ko reshen da ya mutu haka kawai na iya zama cutar da ke toshe hanyar ruwa a cikin itacen, ita ma dalilin ajiyewa ce.

Sassaƙar mapul ba irin ta bishiyoyin da ba sa zubar da ganye ba ce. Farin mataccen reshen da ake gani a jikinsu yana daɗewa ne saboda itacensu na da ƙaro. Na mapul ruɓewa yake. Don haka zaɓi biyu ne a wurin tsohon sara: ko a ɗan kwarɓe shi ciki, a shafa man rufe rauni, sabon ɓawo ya naɗo ya rufe; ko, idan ya yi girman da ba zai rufu ba, a mayar da shi kogo, abin da Japanawa ke kira uro. Kogon ya kasance da hanyar fitar ruwa, in ba haka ba ruɓa za ta bi ta ciki. Ba a yin babban yanka a ƙarshen hunturu, lokacin da ruwan bishiyar ke hawa, don zuba zai yi ta yi. A bari sabon ganye ya yi ƙwari. Kuma ba a gama kogo a zama ɗaya. A ɗan cire bana, a ga inda ɓawo ya tsaya, a ƙara baɗi.

Kayan aiki ma kada a yi gaggawa. Almakashi mai kwarɓaɓɓen baki, ƙaramin zarto da wayar alminiyom sun isa shekaru biyun farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a riƙa duba wayar kowane mako lokacin girma, don tana nutsewa a ɓawon mapul da wuri, tabonta kuma yakan yi shekaru. Ƙaramin injin sassaƙa na kamfanin Dremel ya isa kogon gindi mai kaurin wuyan hannu. Babban injin kamfanin Makita sai kututturen da ya kai cinya.