Tsabar zinaren Rumawa ta kwafi da na saya a Kurmi

Masu tambayata a kan shagon nan na kayan tarihi da ke cikin kasuwar Kurmi, e, ya cancanci a je, in dai mutum ya san me zai saya. Tun kafin in taya tsabar, Alhajin mai shagon ya ce min "Malam, wannan kwafi ce, tagulla ce aka yi wa ruwan gwal", kuma wlh wannan gaskiyar tasa ita ta sa na ciro kuɗina, don wani da cewa zai yi tono ta aka yi.

Wadda na ɗauka kwafin aureus ce, wato tsabar zinaren Rumawa, ta Sarki Agustus, irin wadda aka buga a Lugdunum, Liyon ta Faransa a yanzu, wajen shekara ta 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gaba kan sarkin ne, baya kuma jikokinsa biyu Gayus da Lusiyus a tsaye da garkuwa da mashi a tsakaninsu, 'ya'yan 'yarsa Juliya ne da mijinta Agrifa, shi ya ɗauke su riƙo ya mai da su 'ya'yansa, ya sa aka rubuta musu PRINC IVVENT a jiki wato shugabannin matasa, kamar dai a ce an naɗa yaro Ciroma sannan a buga shi a kuɗi don kowa ya san magaji. Zinare ɗaya dinari 25 ne na azurfa, sojan ƙasa kuwa dinari 225 yake ɗauka a shekara, ka ga zinare tara ke nan. Abin da ke taɓa ni shi ne babu wanda ya hau mulki a cikin jikokin nan biyu. Lusiyus ya rasu a Marsel ta Faransa a yanzu a shekara ta 2 Miladiyya, Gayus ya bi shi a ta 4, mulki ya faɗa hannun Tiberiyus, ɗan matar Agustus, a ta 14.

Aikin fa? Fuskar Agustus ta fita tas, garkuwoyin ma haka. Amma zubi aka yi ba bugu ba, shi ya sa haruffan gefe suka ɗan cushe, sai ka kai ta haske kafin ka karanta. Ta asali tana kusan giram 8, wannan a sikeli ba ta kai ba, kuma ruwan gwal ɗin yana dushewa in ana yawan shafa ta, don haka a bar ta a 'yar ledarta.

Malaman tarihi na sakandare, ku je ku saya wa ɗalibai su riƙe a hannu, kuɗinta da sauƙi kuma Alhajin yana ragi in ka ɗauki fiye da ɗaya.