Gargaɗi: an sayar mini da tsohon faifai a matsayin sabo, na saka shi a RAID

Naira 370,000 na tura wa wani mai sayar da kayan kwamfuta, kuɗin faifan ajiyar bayanai (hard disk) guda biyu na kamfanin Seagate masu girman terabyte 8, kowanne a kan naira 185,000, kuma har yanzu idan na tuna yadda na danna tura kuɗin da hannuna ba tare da ko ɗar ba, sai in ji kunya ta rufe ni. Shekara tara ina kula da sabar ofishinmu a Kano, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan ofis, don haka kada wani ya ce mini rashin sanin aiki ne.

Sabar tamu faifai huɗu ne a tsarin RAID 5, wato haɗa faifai su yi aiki kamar guda ɗaya, wanda ke jure mutuwar faifai ɗaya kacal, kuma idan na biyu ya bi shi kafin a gama gyara, komai ya tafi. Shi ya sa ake ajiye faifan ko-ta-kwana, yana kunne a cikin na'urar amma ba a rubuta komai a kansa, da zarar ɗaya ya mutu sai na'urar ta jawo shi da kanta ta sake gina bayanan a kai. Duk amfaninsa ke nan. Ni kuwa na ɗauki faifan da ya riga ya tsufa na ba shi wannan amana.

A daren wata Alhamis faifai na uku ya mutu, na'urar ta fara ginawa a kan na ko-ta-kwana kamar yadda aka tsara, na kwanta hankalina kwance. Da asuba na tarar ginin ya tsaya a kashi 61 cikin ɗari, shi ma sabon da na saya ya faɗi. Sake gini shi ne aiki mafi nauyi da faifai ke fuskanta, domin sa'o'i da yawa ake yi ana rubutu a kansa babu hutu, kuma ana karanta sauran ukun daga farko har ƙarshe. Kwana biyu muka yi babu wata kariya, takardun albashi da na kwangila na shekara shida suna rataye a kan faifai uku.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin in biya sai da na sa ya turo mini bidiyo. Faifan yana cikin ledarsa a liƙe, ga lamba, ga tambari. Da kayan suka iso tasha daga Legas na duba bayanan SMART, wato rajistar da faifai ke rubuta lafiyarsa a ciki, ta nuna sa'o'in aiki sifili. Sifili! Me kuma ake so in duba? "Injiniya, wallahi ko kwali ban buɗe ba," haka ya ce mini a waya, da wata murya mai sanyi irin ta mutanen kirki, ni kuma na ce masa Allah ya saka da alheri. Na yi masa addu'a a kan naira 370,000 da ya cuce ni.

Sai bayan abin ya faru wani abokin aiki ya tuna mini cewa faifan Seagate na da wata rajista ta biyu mai suna FARM, wadda manhajar smartctl ke iya karantawa tun daga sigar 7.4, kuma tun farkon 2025 aka fallasa yadda 'yan damfara ke goge lissafin SMART su bar wancan. Na duba: sa'o'i fiye da 27,000, wato sama da shekara uku yana juyi a wani wuri. Na biyun da na saya, wanda ke ajiye a durowa, shi ma haka. Kamfanin da ya ƙera ba shi da laifi, mai sayarwar ne ɓarawo. Da na saka lambar faifan a shafin garanti, ashe garantin ya daɗe da ƙarewa, abin da minti biyu ya isa in gano tun ranar farko, kuma wannan kam laifina ne.

Maigidana bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Malam, ba kai ka ce sababbi ne ba?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Farashin ma bai yi arhar da zai sa a yi zargi ba, ya ɗan sauko ne kawai, irin ragin da kowa ke samu idan ya ɗauki biyu.

Ku duba garanti da lambar faifai kafin ku biya, ku karanta FARM, ku yi wa faifan ko-ta-kwana cikakken gwaji kafin ku saka shi, kuma ku ajiye kwafin bayananku a waje. Mutumin ya toshe lambata tun ranar Asabar. Rasit ɗin banki da hotunan hirarmu da sakamakon gwajin duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar na rufe lambar asusuna da ke jiki.