Hattara da masu tallan maganin hanta da cutar kansa na laimar kwaɗi a Legas

Salam jama'a, musamman 'yan uwanmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, dan Allah ku karanta ku tura gaba. Akwai wasu mutane da ke zagaya unguwanninmu, sun fi zuwa ƙofar masallaci bayan an sakko Juma'a, sanye da farar riga irin ta likitoci, suna tallan kafso da kofi da shayi na wata laimar kwaɗi da ake kira Ganoderma, wai tana wanke hanta tana kashe ƙwayoyin kansa.

Ga yadda suke yi. Za su kafa tebur da laftof da wata 'yar na'ura, su ba ka wani guntun ƙarfe ka damƙe a hannu, minti ɗaya allo ya cika da jajayen layuka, sai ɗayansu ya girgiza kai ya ce "Baba, ai hantarka ta kusa tashi aiki, Allah ne ya kawo ka yau." Kowa ya riƙe ƙarfen nan hantarsa ta lalace, har yaron da ke ɗaukar musu jaka. Ba a auna hanta haka wallahi, jini ake ɗiba a kai lab, a yi sikanin. Daga nan sai farashi, kwalba ɗaya kuɗin buhun shinkafa, kuma wai sai ka sha wata shida, in ka ce ba hali su ce ka yi rajista ka kawo mutum uku ka samu naka kyauta, toh ka ga an tashi daga magani an koma kasuwar jawo mutane.

Abin da ya sa suke cin kasuwa shi ne ƙaryar tasu tana da ɗan gishirin gaskiya. Laimar nan ana amfani da ita a gargajiyar Sin tun da daɗewa, kuma an yi gwaji a lab an ga wasu sinadaranta suna hana ƙwayoyin kansa yaɗuwa a cikin faranti da jikin ɓeraye, amma faranti daban jikin mutum daban. Masu bincike na Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane a 2016, suka ce babu isasshiyar hujjar da za a ɗauke ta babban maganin kansa. Za su kuma ce ai a Japan likitoci na bayarwa, eh, akwai wani da ake kira PSK da aka amince da shi can tun 1977, sai dai daga wata laimar daban ake tace shi, kuma tare da kemo, wato maganin kansa na asibiti, aka riƙa ba da shi, ba a madadinsa ba.

Maganar hanta ma ta fi ba ni tsoro, domin likitoci sun rubuta labarin mutanen da garin Ganoderma ɗin ne ma ya lalata musu hanta, har da wadda ta rasu a Tailan. Yana kuma iya sa zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini.

Wani maƙwabcinmu mai sayar da albasa yana da hepatitis B, yana shan maganin asibiti mai suna tenofovir lafiya lau, suka ce masa maganin Bature guba ne ya ajiye, ya ajiye, yanzu idonsa ya yi rawaya ciki ya kumbura yana kwance, su kuma lambarsu ba ta shiga.

In sun nuna maka lambar NAFDAC kar ta ruɗe ka, lambar maganin gargajiya mai ƙarewa da L tana nufin an ba shi izinin wucin gadi bayan duba ko ba ya cutarwa, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba, kuma galibi a jikin kwalin ma an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wasu lambobin kuma na bogi ne kawai.

Mai ciwon hanta ko wanda aka ce yana da cutar kansa ya je asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba, akwai cibiyar kansa a ciki, ko asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja. Wanda ya riga ya saya yana sha, ya tafi da kwalbar ya nuna wa likita a duba masa hanta. Su kuma limamai da sarakunan Hausawa, dan Allah a daina ba mutanen nan lasifika bayan sallah.