GARGAƊI: masu PS5, ku yi hattara da masu gyaran nan na intanet

Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Rabin kuɗin sabon gem ɗin PS5 (PlayStation 5) wani mai gyara ya karɓe min, rabin kuɗin sabo fa, sannan ya dawo min da abin da ba nawa ba. Farin murfin nawa ne, har ɗan karcen da ke gefe yana nan, amma bod ɗin da ke ciki, wato babban allon lantarkin da komai ke kansa, ba nawa ba ne.

Abin da ya samu gem ɗin tun farko, yana kunnuwa, farar wuta tana kawowa ta tsaya, fanka na juyawa, amma tibi baƙi ƙirin, ba hoto ba sauti. Na canja wayar HDMI, na kai shi wani tibin, na danne maɓallin kunnawa har ya yi ƙara ta biyu ko zai shiga yanayin gyara, shiru. Garantin shekara ɗaya ne kuma ya daɗe da ƙarewa don nawa irin na farko ne mai cin faifai, wanda ya fito a 2020. To sai na zauna lissafi, in gyara ko in haƙura in tara in sayi sabo.

Masu cewa ai da sabo ka saya ku tsaya ku ji. Duk inda na kai a wasannina yana cikin gem ɗin nan. PS5 ba ya bari ka kwafe sabin ɗin wasanninsa, wato ajiyar inda ka kai a wasa, a filashi kamar yadda ake yi a PS4, sai dai ka yi bakof na gem ɗin gaba ɗaya, ko ka ɗora ta PlayStation Plus, ni kuma ba na biyan wannan. Ma'ajiyar cikinsa, 825GB ɗin nan, a manne take da bod, ba cire ta ake a mayar a wani ba. In bod ya tafi komai ya tafi. Saboda haka gyara shi ne abin da duk mai hankali zai fara nema, kuma har gobe ina kan wannan.

Kuma ba haka kawai na ɗauki kayana na miƙa wa mutum ba. Shafinsa cike yake da bidiyon gyara, yana buɗe gem yana rufewa, mutane na ta godiya a ƙasa. Na yi tambayoyi, ya amsa ba gargada. Da kayan suka isa hannunsa shi da kansa ya kira ni ta bidiyo, ya ɗora bod ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ya nuna da ɗan tsinken ƙarfe ya ce "Maigida ka ga nan? APU ne ya ɗaga." APU shi ne babban cif ɗin da ke tafiyar da gem ɗin. Wannan maganar ce take ta dawo min. Maigida ka ga nan. Ni kuma na matso da fuskata jikin waya na ce na gani. Muryarsa a kwance, ba sauri ba rantsuwa, har cewa ya yi in ban gamsu ba zai dawo min da kayana kyauta. Ya yi min bayanin ruwan ƙarfen da Sony ke sawa tsakanin APU da abin sanyaya shi maimakon man da aka saba, ya kawo zancen Xbox 360 da jar wutar nan da ta sa Microsoft ta ƙara garanti zuwa shekara uku a 2007, ya ce zafi ne ke kashe irin waɗannan na'urorin. Na je na bincika, duk gaskiya ne. Waye zai ji haka ya ce ɗan damfara ne? Sai yanzu nake tambayar kaina, bod ɗin waye ma ya nuna min a madubin nan?

Bari in koma baya, don kafin kiran bidiyon ma na riga na tura kafin alƙalami. A'a, kuɗin dubawa na fara turawa, sannan kiran, sannan kafin alƙalamin. Bayan nan ya ce ruwan ƙarfen ya bushe sai an sayo wani, na tura. Ya ce ba zai saki kaya ba sai an cika, na cika. Da na haɗa lissafi rabin kuɗin sabo cif. Rabin kuɗin sabo. Duk alat ɗin suna wayata, da sikirinshot na hirarmu daga sallama har saƙon ƙarshe, da muryoyin da ya turo, zan sa su gaba ɗaya da zarar na rufe lambobin da ke jiki.

Ranar da ya dawo hoto ya kawo, har godiya na tura masa wallahi, wannan ne ya fi ƙona min rai. Amma gem ɗin ya buɗe kamar sabo yana neman in zaɓi harshe, ba akawun ɗina ba wasa ko ɗaya. Na kira shi ya ce dole ce ta sa ya yi fomatin. Na haɗiye. Na sa faifai, ya ja shi ya ƙi buɗe wasan, na sa wani haka. Na zo shiga PlayStation Network sai ga saƙo wai an dakatar da wannan na'urar. Ba akawun ɗina ba fa, don akawun ɗin yana buɗewa lafiya lau a waya, na'urar ce aka dakatar. Ni da ban taɓa samun ko gargaɗi ba.

Wani mai gyaran daban ne ya buɗe a gabana ya warware min. Ya ce a wannan samfurin ɗan bod ɗin mashin ɗin faifai a haɗe yake da babban bod tun daga kamfani, in ka canja ɗaya ka bar ɗaya faifan wasa ba zai yi ba. Muka duba lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura a kan netwok, a saitin, muka gwada da wadda rawutar gida ta riƙe tun da, ba ɗaya ba ne. Ya kuma ce farar wuta ta tsaya ba hoto, yawanci bakin HDMI ne ya karye ko ɗan cif ɗin da ke bayansa, ƙaramin aiki ne, APU da ya mutu ba ya ma kai ka farar wuta. Kun ga ke nan lafiyayyen bod ɗina mai gyaran farko ya ɗauke, ya liƙa min wanda aka riga aka dakatar, kuma ni na biya shi ladan yin hakan. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Da na tura masa hoton lambobin biyu ya karanta, bai ce komai ba, zuwa dare ya yi min bulok, shafin ma ya canja suna. Bod ɗina yana can hannun wani da akawun ɗina a kai, sai da na canja faswod na cire duk na'urorin da ke jiki na kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Yanzu sabon da nake gudu shi zan saya, ba rabin kuɗin, ba sabin ɗin. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Ku ɗauki hoton lambar MAC ɗinku tun gem na da lafiya. A buɗe a gabanku, kar ku cika kuɗi sai kun sa faifai kun shiga intanet da hannunku. Wanda ya ce muku APU tun bai duba bakin HDMI ba, ku karɓe kayanku.