Fulogin iridiyam da na gama-gari: wanne ya dace da mai aikin kilando a Marwa?

Wani ɗan'uwanmu mai aikin kilando, wato acaɓa, a Marwa ta ƙasar Kamaru ya yi tambaya. Mashin ɗinsa 125 ne, fulogi ba ya rufa wata sai ya yi baƙi, da safe kuma sai ya gaji da buga kik kafin ya tashi. Mai shagon kayan gyara ya ce masa ya sayi na iridiyam ya huta. Yana so ya ji ko ya cancanci kuɗinsa.

To ɗan'uwa, bambancinsu yana bakin da ke fitar da wuta. Na gama-gari, irin su D8EA na NGK ko D8TC da ke zuwa a cikin mashinan Sin, ƙarfen tsakiyarsa na nikel ne, kaurinsa wajen milimita 2.5. Na iridiyam da ke maye gurbinsa, DR8EIX, nasa tsinin milimita 0.6 ne kawai. An iya sirantar da shi haka ne don ƙarfen iridiyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, nikel kuwa a 1,455 yake sallamawa. Siririn baki ba ya neman wuta mai yawa daga kwail kafin ya yi tartsatsi, shi ya sa mashin mai ƙoshin lafiya ke saurin tashi da shi, silo ma ya fi zama daidai. Wannan gaskiya ne, mai shago bai yi ƙarya ba.

Inda ya ƙara gishiri shi ne maganar hutu. Lanƙwasasshen ƙarfen gefe na DR8EIX nikel ne kamar na kowa, kuma yana cinyewa. Kamfanin NGK da kansa, a shawarar da yake ba masu babura a Japan, ya haɗa su biyun a ma'auni ɗaya: a canza tsakanin kilomita 3,000 zuwa 5,000. Idan kana yin kilomita 100 a yini tsakanin unguwar Domayo, kasuwa da tasha, lissafa da kanka. Ga tsadar ta ninka ta na gama-gari sau da yawa.

Baƙin da kake kuka da shi kuwa, babu ɗaya a cikinsu da zai hana shi. Fulogi yana ba da labarin abin da ke faruwa a cikin injin ne kawai, sai ka san yadda ake karanta shi.

Ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka kashe mashin ba tare da ka bar shi yana silo ba, ka jira ya huce. Hure ƙurar da ke ramin fulogin kafin ka kwance, kada yashi ya faɗa cikin silinda. Sai ka fito da shi rana ka duba farin tangaran da ke kewaye da tsinin. Idan ruwan ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, injinka lafiya lau, mayar da abinka. Idan baƙi ne, goga yatsa. Ya fito a bushe kamar baƙin gindin tukunya? Mai ya yi wa iska yawa ke nan. A ƙasarmu, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi, kafin ka zargi kafireta fara buɗe filtar iska, sau da yawa za ka tarar ta toshe. Duba cok ma, wasu na mantawa da shi a ja. Idan kuma yatsan ya fito da maiƙo yana sheƙi, baƙin mai ne ke haurowa, ko ring ya ci ko bawul na yoyo, kuma za ka ga shuɗin hayaƙi a salansa. Wannan aikin bakanike ne, ko fulogin zinare ka sa sai ya jiƙe.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fari fat, mai ƙananan ƙuraje a jikin tangaran. Mutane na murna da shi wai mashin ba ya shan mai. Man ne ya yi kaɗan, ko iska na satar hanya ta robar kafireta, injin yana ƙuna. A zafin Maris da Afrilu na Marwa, da ake haura digiri 40, da fasinja biyu a baya, irin wannan ne ke huda fistin.

Sai maganar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu, wanda kusan dukanmu shi muke sha. Man da ya kwana a jarka da kwalba a bakin titi ba a raba shi da ƙura ko ɗigon ruwa, wani ma an surka shi da kananzir. Ba ya ƙonewa tas, dole fulogi ya yi datti, dole a riƙa wankewa. A nan na gama-gari ya yi wa na iridiyam nisa. Shi za ka wanke shi da fetur, ka sa burushin ƙarfe, ka daidaita tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.6 da 0.7, ya koma aiki. Na iridiyam ba ya jure haka. Yaron gareji ya saba da samfefa da tura sukudireba a baki, goga biyu ya lalata tsinin da ka biya kuɗi dominsa.

Jabu kuwa, duk wanda ya fi tsada shi aka fi kwaikwaya. Kwali mai kyau ba hujja ba ne. Duba rubutun jikin tangaran ko ya fita tsaf, duba wasa, wato zoben ƙarfen da ke gindin zaren, ko tana zamewa ta fita da hannu, duba tsinin ko yana tsakiya daidai. In aka ba ka "iridiyam" a farashin na gama-gari, ajiye musu kayansu.

Ko wanne ka saya, kada ka sauya lamba da ka. A tsarin NGK, lamba babba na nufin fulogin ya fi saurin zubar da zafi. Wasu na sa mai ƙaramar lamba don ya ƙone baƙin, baƙin ya ɓace, amma ciwon na nan, ga haɗarin ƙuna ya ƙaru. Tsawo ma haka: D8EA zarensa milimita 12 ne a kauri, 19 a tsawo, C7HSA na ƙananan mashina 100 da 110 kuwa 10 ne da 12.7. Wajen ɗaurawa, fara da hannu har ya zauna, sannan ka ba sabo rabin juyi da sifana. Tsoho da wasarsa ta riga ta matse, ɗan taɓawa ya isa, kan injin alminiyam ne.

Ni a ganina, ɗan'uwa, riƙe kuɗin iridiyam ɗin tukuna. Sayi na gama-gari na asali guda biyu, ɗaya a injin ɗaya a ƙarƙashin sit, ka wanke filta, bakanike ya saita kafireta. Bayan kwana uku na aiki ka kwance, ka ɗauki hoton bakinsa a hasken rana ka turo mana, ka kuma faɗa ko yatsa ya fito a bushe ko da maiƙo.